Bas Fanko, Motar Kira: Ina Mafita ga Unguwannin Gefen Birni a Amurka?

A unguwannin gefen birni na Amurka da Kanada akwai abin da ya daɗe yana ci wa masu biyan haraji tuwo a ƙwarya: doguwar bas mai kujeru kusan arba'in tana ratsa titi da fasinja uku a ciki, wani lokacin ma direba ne kaɗai. Wanda ya hango ta daga cikin motarsa ba ya jiran bayani, nan take yake yanke hukuncin cewa kuɗinsa ake ƙonawa. Wannan fushin ne ya share wa wata shawara hanya har ta samu gindin zama a ofisoshin hukumomin sufuri cikin shekaru goman nan. Shawarar ita ce a soke layin bas da jadawalinsa, a kawo ƙananan motoci masu ɗaukar mutum shida zuwa goma sha biyar. Fasinja ya kira ta manhajar waya, kwamfuta ta haɗa shi da waɗanda suka nufi shiyya ɗaya da shi, mota ta zo ƙofar gidansa ko kwanar da ke kusa. Abin da zai biya bai wuce kuɗin bas ba, ragowar kuma baitulmali ya cike. Ita ce motar kira.

A baki abin da daɗi, kuma masu tallarsa, irin kamfanin Via na New York, sun iya lafazi. Ni dai a ganina motar kira tana da aikinta, kuma inda ya dace tana yin sa da kyau, amma ba za ta dawo da fasinjan da ya gudu ba. Hukumar da ta ɗauke ta a kan wannan zato za ta wayi gari tana kashe kuɗi fiye da na da a kan kowane mutum. Kafin mu kai ga dalili, sai mun ga yadda aka yi bas ɗin ta zama fanko.

Tun asali gefen birni a Amurka wurin masu ɗan hali ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa barin tsakiyar birane suna komawa sababbin unguwanni irin Levittown, wadda aka fara ginawa a jihar New York a 1947. Dokar gina manyan hanyoyin ƙasa ta 1956 ta ƙara wa ƙaurar gudu. An tsara unguwannin ne bisa cewa kowane gida da motarsa: gidaje ɗai-ɗai a cikin fili mai faɗi, kantuna can, ofisoshi can, doka kuma ta hana a cakuɗa su. Titunan cikin unguwa a lanƙwashe suke, da yawa suna shiga su toshe, kuma da gangan aka yi haka don kada baƙin motoci su riƙa ratsawa. Ita kuwa bas abu biyu take nema: miƙaƙƙiyar hanya, da jama'ar da za su iya takowa bakinta cikin minti biyar ko goma. Unguwar da aka gina don mota ta hana ta duka biyun. Dole mai tsara layi ya shiga kewaye-kewaye, ya leƙa asibiti, ya karkata kasuwa, ya zagaya gidan tsofaffi, har tafiyar minti goma sha biyar ta koma ta awa guda.

Duk da haka an ci gaba da lallaɓawa, kuma a 2014 ƙungiyar hukumomin sufurin jama'a ta Amurka ta ƙirga tafiye-tafiye kusan biliyan 10.8 a bas da jiragen ƙasa, adadin da rabon a ga irinsa tun 1956. Daga nan aka fara gangara. A 2019 an sauko biliyan 9.9, kuma bas ce ta fi jin jiki. Annobar korona ta zo a 2020 ta jefa adadin ƙasa da biliyan 5, zuwa 2023 kuma ya farfaɗo ya kai wajen biliyan 7. Masu ɗora komai a kan korona suna mantawa da cewa an yi shekara biyar ana zubar da fasinja kafin a ji sunanta.

Me ya kore su? An fi ambaton motocin haya na Uber da Lyft, waɗanda suka bazu daga 2012, kuma lallai sun yagi rabonsu, musamman da dare da ƙarshen mako. Fetur ma ya yi arha daga tsakiyar 2014. Amma binciken da Michael Manville da Brian Taylor da Evelyn Blumenberg na jami'ar UCLA suka fitar a 2018 ya nuna wani abu da ya fi waɗannan nauyi. A kudancin Kalifoniya, daga 2000 zuwa 2015, jama'a sun ƙaru da miliyan 2.3, motocin gida kuma sun ƙaru da miliyan 2.1, wato kusan duk mutum ɗaya da ya ƙaru sai mota ɗaya ta ƙaru. A shekarun 1990 kuwa an ƙaru da mutum miliyan 1.8, motoci kuma ba su kai rabin miliyan ba. Waɗanda suka fi sayen motocin nan su ne masu ƙaramin ƙarfi da baƙi 'yan ci-rani, wato ainihin masu cika kujerun bas. Mutumin da ke hawa sau biyu a rana, kwana shida a mako, in ya samu tsohuwar mota a kan bashi, hukuma ta rasa tafiya ɗari shida a shekara daga gare shi shi kaɗai.

Wani abin kuma ya zo a karkace. A daidai lokacin da fasinja ke raguwa, talauci yana ƙaura zuwa gefen birni, domin haya ta yi tsada a tsakiya. Elizabeth Kneebone da Alan Berube na cibiyar Brookings sun nuna a littafinsu na 2013 cewa matalautan gefen birane sun zarce na cikin manyan birane yawa. Ke nan masu buƙatar bas ba su ƙare ba, sun dai warwatsu a inda tattara su ke da wuya.

A ɗauki mace mai aikin kula da tsofaffi, wadda za ta karɓi aiki ƙarfe bakwai na safe. Tashar da ta fi kusa da ita ƙarfe ne guda a kafe a gefen titi mai layi shida, ba rumfa, ba benci, wani wurin ko hanyar masu ƙafa babu. Bas tana zuwa sau ɗaya a awa. In ta makara da minti biyu, ta yi asarar awa guda, kuma mai gidan aiki ba ruwansa da jadawali. In akwai canjin mota a hanya, sai ta sake wani jiran. Ran Lahadi babu bas sam. Wannan baiwar Allah duk ranar da ta haɗa kuɗin kafin alƙalami na mota, ta yi sallama da tashar nan. Hukuma ta duba littafi ta ga fasinja ya ragu, ta rage zirga-zirga, jira ya ƙara tsawo, wasu su ma su gudu. Haka layi ke mutuwa a tsaye, kuma a kan gawarsa ne mai tallar motar kira yake shigowa da kwamfutarsa.

Sai dai abin da yake tallatawa ya girme shi. Tun farkon shekarun 1970 ake gwada motar da ake kira ta tarho, kamar yadda aka yi a Haddonfield ta jihar New Jersey a 1972. Gundumar Santa Clara ta Kalifoniya ta buɗe nata a Nuwamban 1974 da babban buri. Kira ya yi yawa har layukan tarho suka cushe, mutane suka riƙa jira ba mota, masu tasi suka kai ƙara kotu, a Mayun 1975 aka rufe. Bayan shekara arba'in da ɗaya, a 2016, wannan gunduma ta sake gwadawa, wannan karon da manhaja, aka sa masa suna FLEX. Wata shida ya yi aka rufe saboda rashin fasinja. Wuri ɗaya, an faɗi sau ɗaya don masu kira sun yi yawa, an sake faɗuwa don sun yi kaɗan.

Akwai kuma darasin da ke cikin gidan kowace hukuma. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta wajabta wa duk mai layin bas ya tanadi motar ƙofa-zuwa-ƙofa ga wanda naƙasa ta hana shi hawa bas, matuƙar yana cikin kashi uku bisa huɗu na mil daga layin. Fiye da shekara talatin ke nan ana wannan hidima, kuma kowane akanta ya san ita ce mafi tsada a kan kowane fasinja. Saboda haka babu wanda zai ce tsadar ɗauko mutum daga ƙofarsa ta zo masa ba zata.

Ga inda lissafin yake. Babban abin da ke cin kuɗin gudanar da bas a ƙasashen nan shi ne ɗan Adam: albashin direba da makanike, inshorar lafiya, fansho. Wannan kaɗai ya kai wajen kashi biyu cikin uku. Girman motar yana da tasiri, amma bai kai yadda mai kallo ke zato ba, domin ƙaramar mota ma direba guda take ci kamar babba. Kuma bas ɗin da aka gani fanko a ƙarshen layi da azahar, wataƙila ita ce ta cika maƙil da safe a tsakiyar layi. Don haka ma'aunin da masu sana'ar ke dubawa shi ne mutum nawa mota ta ɗauka a kowace awa da direba ya yi a bakin aiki.

A bi direban motar kira na awa ɗaya. Ya tafi ɗauko na farko, minti bakwai. Ya jira shi ya fito, minti biyu. Ya kama hanya, kwamfuta ta ce ya karkata ya ɗauko ta biyu, minti shida, ga ta da keken jariri da za a naɗe. Ya sauke na farko, ya koma baya ya sauke ta biyu, rabin awa ta wuce. Ya tafi fanko zuwa wani lungun ya ɗauko na uku. In ya yi sa'a ya haɗa huɗu kafin awa ta cika. Babu manhajar da za ta gajarta titin nan, kuma in aka cusa masa mutane da yawa, kowannensu sai ya zagaya gidajen sauran kafin ya isa. Jarrett Walker, mai tsara layukan bas da ya wallafa littafin Human Transit a 2011, ya daɗe yana jan hankali a kan wannan: da wuya motar kira ta wuce mutum biyar a awa, alhali layin bas na gefen birni da ake yi wa kallon matacce yakan ɗauki wajen goma. Sirrin bas shi ne fasinja ne ke takowa ya same ta, su taru a wuri ɗaya, ita kuma ta miƙe. Hukumar AC Transit ta gabashin San Francisco ta gani da idonta daga 2016, lokacin da ta fara gwada motar kira wadda daga baya ta maye gurbin wani layi a garin Newark: kimanin mutum uku a awa, ƙasa da rabin abin da layin yake ɗauka.

A ƙaddara, don misali kawai, awar ƙaramar mota tana cin dala 60, ta babbar bas kuma 120. Ƙaramar ta ɗauki uku, kowane kai ya tashi a dala 20. Babbar ta ɗauki goma, kowane kai dala 12. Yanzu a ce masu hawa sun ninka. Bas tana da kujeru a buɗe, ba a ƙara ko sisi ba, kowane kai ya sauko dala 6. Motar kira kuwa sai an ƙaro mota da direba, kuɗi ya ninka, kowane kai yana nan a dala 20. Bas tana arha in ta samu kasuwa, motar kira kuwa kasuwar ce ke karya ta.

Garin Innisfil da ke arewacin Toronto ya nuna wannan ƙarara. Gari ne mai faɗi, a 2017 mutum dubu talatin da 'yan kai a warwatse a bakin tafkin Simcoe, kuma bai taɓa samun bas ba. Da aka yi wa majalisar garin lissafi, bas guda za ta ci dalar Kanada 270,000 a shekarar farko, biyu kuma 610,000, ga shi ba za su kai ko'ina ba. Sai a Mayun 2017 suka fara aiki da yarjejeniyar da suka ƙulla da Uber: mazauni ya biya dala 3 zuwa 5 in za shi wasu fitattun wurare kamar tashar jirgi da cibiyar wasanni, in wani wuri ne a rage masa dala 5, gari ya cike sauran. Jaridun duniya suka yi ta yabo. Jama'a ma suka karɓa hannu biyu, kuma nan gizo ya yi saƙa. A 2018 an yi tafiya wajen 86,000, garin ya biya kimanin dala 640,000, ya zarce kuɗin bas biyun da aka guda. A 2019 majalisa ta ƙara dala ɗaya a kan kuɗin mota, ta kuma ƙayyade wa kowa tafiya 30 a wata. Mai zuwa aiki kullum, tafi da dawowa, ya cinye rabonsa cikin kwana goma sha biyar. A yi adalci, Innisfil ta samu abin da bas biyu ba za su ba ta ba, domin mota tana zuwa kowane lungu dare da rana. Amma tsarin sufurin da sai ya roƙi mutane su rage hawa kafin ya rayu, akwai gyara a cikinsa.

Sauran labaran gajeru ne. Helsinki ta Finlan ta yi Kutsuplus da ƙananan bas 15, fasinjoji suna son sa, amma tallafin kowace tafiya ya fi abin da mai hawa ke biya nesa ba kusa ba, aka rufe a ƙarshen 2015. Kansas City ta ware dala miliyan 1.3 a 2016 don gwaji da kamfanin Bridj, shekara ta zagayo ba a yi tafiya 1,500 ba, kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. Ford ta sayi wani kamfani irinsa, Chariot, a 2016 ta rufe shi a farkon 2019. A Ingila, PickMeUp na Oxford ya fara a 2018 ya tsaya a 2020. Los Angeles ta buɗe Metro Micro a Disamban 2020 tana karɓar dala ɗaya, a 2023 aka bayyana cewa kowace tafiya tana cin hukuma wajen dala 43, alhali ta bas wajen 8 ce.

Mai karatu a Kano ko Maradi zai iya cewa: to ai mu ƙananan motoci ne ke ɗauke da gari, ba tallafi, ba jadawali, kuma suna ci da kansu. Gaskiya ne, amma a dubi yadda ɗan adaidaita sahu yake aiki. Ba ya bin mutane gida-gida. Babban titi yake kamawa inda jama'a suke, ya cika, ya sauke, ya sake cikawa, wato shi da kansa ya mayar da sana'arsa layi ba tare da wata hukuma ta zana masa ba. Wanda yake son a kai shi ƙofar gida shata yake ɗauka, kuma ya san kuɗin shata daban ne. Abin da hukumomin Amurka ke ƙoƙarin yi shi ne sayar da shata a kuɗin layi, a ƙasar da awar direba take da tsada.

To ina motar kira take da gaskiya? Garin Wilson na jihar Karolina ta Arewa shi ne hujjar da masoyanta suka fi kafawa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Mutanensa ba su kai 50,000 ba. A da bas ɗinsu tana zuwa sau ɗaya a awa, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na garin kaɗai take taɓawa, masana'antun da ke bayan gari kuwa ba ta kai can. A Satumban 2020 suka soke layukan baki ɗaya suka kawo tsarin RIDE tare da Via, a kan dala 1.50, daga baya 2.50. Masu hawa suka ninka fiye da sau biyu, kuma fiye da rabin tafiye-tafiyen na zuwa aiki ne ko neman sa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda a da sai ya roƙi maƙwabci ya rage masa hanya. Amma a lura da abu biyu. Bas ɗin da aka soke ta riga ta yi rauni ƙwarai, don haka tsallake ta ba wuya. Sannan da buƙata ta ƙaru, jira ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru, garin ya dogara da tallafin jiha da na tarayya. Wilson ta sayi hidima mafi kyau da kuɗi mafi yawa, kuma ciniki ne mai kyau. Kuskuren shi ne a kai labarinta wani gari a ce hanyar tsimi ce.

Akwai wasu wuraren da ta zauna daram. Belleville ta Kanada ta mayar da bas ɗin dare ta kira a 2018, ta bar tashoshin yadda suke, fasinja ya faɗi tashar da yake da wadda za shi, bas ta daina zagayen banza, masu hawa suka ƙaru sosai. Yankin karkarar Lincolnshire a Ingila yana da CallConnect tun 2001, kuma ya ɗore saboda ba a taɓa ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba: ƙauyuka yake haɗawa da garuruwa da manyan layuka. Arlington ta jihar Texas, mai mutum kusan 400,000, wadda masu zaɓenta suka ƙi harajin sufuri har sau uku, ta kawo Via a Disamban 2017. A can zaɓin da ke gaban mutane shi ne motar kira ko ƙafa. Karkara, tsakar dare, lungun da ba ya tara mutum biyar a awa, da ɗan tsakanin gida da tashar jirgi, nan ne gonarta.

Ko a nan ɗin akwai abubuwan da ba sa fitowa a takardar talla. Bas mai jadawali alkawari ce: ƙarfe shida da kwata za ta zo, ko kana da waya ko ba ka da ita. Motar kira tana iya ce maka minti goma yau, gobe arba'in, jibi ta ce babu mota, a sake gwadawa. Mai zuwa kasuwa zai jure, mai karɓar aiki ƙarfe bakwai ba zai iya gina rayuwarsa a kan haka ba. Wanda aka ce masa babu mota kuwa ba ya shiga ƙidayar fasinja, sai rahoto ya fito fes. Tsoho marar wayar zamani da wanda ba shi da katin banki sai an tanadar musu lambar kira da hanyar biya da tsaba, in ba haka ba an zubar da su. Mai keken guragu yakan fi kowa jira, tunda ba kowace mota ce ke da matakalarsa ba. Sannan in ka ga awar motar kira ta yi arha sosai, duba albashin direban. Sau da yawa tsimin daga nan yake fitowa: an sallami direban hukuma mai ƙungiya da fansho, an ɗauko ɗan kwangila. Wanda ya ga hakan daidai ne sai ya faɗa a fili, kada a laƙaba wa kwamfuta.

Ga kuma batun lokaci. Majalisar dokokin Amurka ta ba hukumomin sufuri agajin korona na kusan dala biliyan 70 a 2020 da 2021, kuma gwaje-gwaje da yawa a inuwar irin wannan kuɗi da sauran tallafin wucin gadi suka tsiro. Kuɗin gwaji yana ƙarewa. Ranar da ya ƙare, layin da aka soke ba ya dawowa da kansa, an cire allunan tasha, fasinjojin da suka saba sun watse.

Abin da ya fi ba ni haushi a muhawarar nan shi ne yadda ake ɗauka cewa gefen birni da bas ba sa ga maciji har abada. Brampton, wadda take gefen Toronto, ta ƙaryata wannan. Gari ne na manyan tituna da gidaje ɗai-ɗai da rumbunan ajiyar kaya, mutum sama da 650,000 a ƙidayar 2021. Maimakon ta rage, sai ta ƙara: ta miƙe layukanta a kan manyan tituna, ta sa bas tana zuwa a kai a kai har dare har ƙarshen mako, ta buɗe layukan gaggawa na Züm daga 2010. Tafiye-tafiye suka wuce miliyan 30 a 2019, suka haura miliyan 40 a 2023, lokacin da yawancin biranen Amurka ba su ko koma inda suke kafin annoba ba. Lallai Brampton tana da ɗalibai da sababbin baƙi masu yawa, kuma ba kowace unguwa ce za ta yi abin da ta yi ba. Amma Houston ma, da duk faɗinta da son motarta, ta sake zana layukanta a Agustan 2015 ta mayar da ƙarfi kan bas mai zuwa kowane minti goma sha biyar, ta kuma ga ƙari, musamman Asabar da Lahadi. Mutum yana hawa bas ne in ya san ba sai ya duba agogo ba.

Kowace hukumar sufuri tana da buri biyu da ke ja-in-ja a kan kasafi ɗaya: ta ɗauki mutane da yawa, ko ta kai ko'ina ko da mutum ɗaya ne a can. Dukansu halal ne, kuma na biyun haƙƙi ne na tsoho da naƙasasshe da marar mota. Motar kira kayan aikin buri na biyu ce. Laifin da nake gani shi ne a sayo ta da sunan na farko, a gaya wa jama'a za ta farfaɗo da sufuri kuma ta rage kashe kuɗi, alhali lissafin awa ya riga ya nuna ba za ta yi ba.

Saboda haka duk majalisar da aka kawo wa takardar soke layi, ta nemi adadi ɗaya kafin ta sa hannu: mutum nawa layin nan yake ɗauka a awa? In biyu ne ko uku, a soke, a kawo motar kira, a tanadi lambar tarho da motar masu keken guragu, a kuma riƙa buga yawan waɗanda aka ce wa babu mota. In takwas ne ko goma, a bar shi, a miƙe shi, a yi wa tasharsa rumfa da hanyar ƙafa, kuɗin da za a ba kamfanin manhaja a ƙaro bas da shi.